Nazarin lamari: tirela ɗaya, inji uku, da batun ina ya kamata a sayi inji

Yadda abin yake tun farko

Mutumin da ake magana a kai tirela ɗaya gare shi, ba kamfani ba ne, ba shi da wata motar da zai jingina da ita in wannan ta tsaya. Kan motar Mercedes Actros ne mai injin OM 501 LA, wato dizal mai silinda 6 da aka jera su kamar harafin V, girmansa kusan lita 12, irin injin da ya fito tare da Actros ɗin farko a 1996. Nasa na matakin hayaƙi na Euro 3 ne, ba ya amfani da AdBlue, wato ruwan da ake fesawa a bututun hayaƙi domin tsabtace shi. Kowace silinda da nata top ɗin daban, wato murfin samanta, da nata famfon mai daban, sannan akwai birenbos a jikin injin wanda ake kira MR, shi ke lissafa yawan man da za a fesa da lokacin da za a fesa shi.

Na hannu ya sayi motar, mita ta riga ta haura kilomita miliyan 1, kuma babu wata takardar da ta nuna an taɓa yi wa injin babban gyara. Lodi mai nauyi take ɗauka a doguwar hanya, wani ɓangaren hanyar kuma ƙura ce zalla. Yana canza baƙin mai a kan lokaci, wannan kam ba a ce komai ba. Filtar iska kuwa sai dai a ciro a busa mata iska a mayar, lagireto kuma ruwa kawai ake ɗura masa.

Wata na 1 zuwa na 3 na matsalar: inji ya fara shan baƙin mai

Direba ne ya fara kawo ƙorafi, wai duk tafiya sai ya ƙara mai. Da farko lita 1 ne a kilomita 1,000, kafin wata na 3 ya ƙare ya kai lita 4. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, da safe sai an daɗe ana ja kafin ta tashi, in ka buɗe murfin zuba mai inji na aiki sai ka ga tururi na bugowa da ƙarfi, alamar matsin da ya kamata ya tsaya a saman fistin yana zurarewa ƙasa ta gefen ring. An koma mai mai kauri, an zuba wani maganin gwangwani da aka ce yana tsayar da hayaƙi, babu abin da ya canza sai gejin mai da ya riƙa sauka in inji ya ɗau zafi.

A ƙarshen wata na 3, a kan hawa da cikakken lodi, inji ya buga. Da bakanike ya kwance shi a gareji sai aka tarar metal ɗin kwanrod ɗaya, wato siririn ƙarfen da ke shimfiɗe inda sandar fistin ke kama karanshaf, babban sandan da fistin ke juyawa, ya juya ya cinye wuyan karanshaf, ring duk sun siɗe, cikin silif ɗin, wato bututun da fistin ke kai da komo a ciki, ya yi sumul yana ƙyalli, ɗan zanen nan da ke riƙe mai ya goge gaba ɗaya. Kowa ya ce tsufa ne, inji ya ci lokacinsa. Ba wanda ya leƙa bututun iska.

Wata na 4: hanyoyin da ke gabansa

Hanya huɗu aka lissafa masa. Ko a gyara wannan ɗin a garejin da yake, ko ya sayi injin gwanjo daga masu kwance motoci, ko ya je wajen dila, wato wakilin kamfanin motar, ya karɓi injin musaya wanda kamfani ya sabunta a masana'anta, ko kuma ya nemi masu sana'ar haɗa inji su haɗa masa ɗaya daga tushe yadda yake so.

Gyara a gareji bakanikensa da kansa ya janye, ya ce Alhaji ni ba ni da kayan awon da zan tsaya maka a kan wannan bulok ɗin, in na ɗaure ya sake bugawa ni za ka zarga. Sai ya tafi wajen dila. Nan ya fara jin zancen da bai taɓa ji ba, cewa injin musaya sai ka ba da tsohon naka, kuma ana riƙe wani kuɗi a matsayin jingina har sai sun duba tsohon sun amince, kuma sharaɗinsu shi ne ya zo a haɗe ba a wargaje ba, bulok bai fashe ba, karanshaf na juyawa. Nasa kuwa yana zube a ƙasa gida-gida, ga karanshaf ya ci wuta, to ka ga jinginar ma ba lallai ta dawo duka ba. Farashin ya kusa ninka na gwanjo sau 3, kuma sai an yi oda an jira makonni. Garantinsu a rubuce yake, shekara guda, amma da sharaɗin a ɗaura a garejin da suka yarda da shi.

Mota na tsaye, direba na jiran albashi, masu ba shi lodi sun fara kiran wasu. Ya zaɓi gwanjo sabida shi ne mafi sauri kuma mafi araha.

Wata na 4 zuwa na 5: injin gwanjo na farko

Ta hannun dillali aka yi cinikin, bai je ya gani da idonsa ba. An turo masa bidiyo na minti 1, inji a kan taya a ƙasa an jona masa batir da galan ɗin mai, ya tashi yana ruri. Aka ce masa OM 501 ne daidai da naka, garantin tashi kwana 7. Ya biya duka.

Da injin ya iso aka ɗora, nan aka ga banbanci. Gaskiya ne OM 501 LA ne, lambar jikinsa ma da 541 ta fara kamar nasa, amma lambobin da ke biye ba ɗaya ba ne, daga motar Euro 5 aka ciro shi, irin waɗanda ke aiki da AdBlue. Birenbos ɗin da ya zo da shi ya ƙi gaisawa da na motar, makullin tsaro ya hana ta tashi, kuma yana neman na'urorin AdBlue da babu su a motar kwata-kwata. Mai wayarin ya ba da shawara a cire MR ɗin tsohon inji a ɗaura a kan wannan. An yi hakan, mota ta tashi, amma lissafin man da ke cikin tsohon birenbos ba na wannan injin ba ne, sai ta riƙa fitar da baƙin hayaƙi tana kasa hawa, ga fitilar gargaɗi ta ƙi mutuwa.

Ya kira dillali, dillali ya ce kwana 7 ai daga ranar biya ake ƙirgawa, kuma sun wuce tun inji na kan hanya. Bayan doguwar jayayya mai kayan ya yarda ya musanya, amma kuɗin ɗauko da kuɗin mayarwa da ladan ɗaurawa da saukewa duk a wuyan mai mota, sannan sai ya yi ciko.

Wata na 5 zuwa na 9: injin gwanjo na biyu

Wannan karon an tura cikakkiyar lambar inji da lambar shasi, kuma wanda aka kawo ɗin na Euro 3 ne, ya zauna daram. Sai dai ba turbo a jikinsa, dan haka aka ɗauko tsohon turbo aka ɗaura, tare da tsohon gidan filta da tsofaffin hos da intakula, mai sanyaya iskar da turbo ke turawa inji, yadda suke. Ba a auna kwamfureshan ba, wato matsin da ke cikin silinda, ba a sauke kaskon mai an duba metal ba, ba a yanka filtar mai an ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki ba. Kilomita nawa injin ya yi a motar da ya fito? Mai kayan ya faɗi wata lamba da baki, shi ke nan.

Wata 2 na farko mota ta yi aiki lafiya lau har mai ita ya fara biyan bashi. A wata na 8 direba ya sake cewa yana ƙara mai, a wata na 9 kuma, bayan kilomita wajen 30,000, an koma gidan jiya: tururi a murfi, hayaƙi mai shuɗi, lita 3 a kilomita 1,000. An gudu ba a tsira ba. Mai kayan da aka kira cewa ya yi shi inji mai tashi ya sayar kuma ya tashi.

Abu ɗaya da aka yi daban a nan shi ne ba a jira ya buga ba, an ajiye motar.

Wata na 10: gwajin baƙin mai

Wani tsohon bakaniken manyan motoci ne ya ce kafin a sake kashe ko sisi a ɗebi man injin a kwalba a kai ɗakin gwaji. Sakamako ya nuna silikon ya yi yawa sosai tare da alminiyam, ga ƙarfe da kurom suma sun hau. Silikon da alminiyam in suka tashi tare yawanci ƙasa ce ke shiga, ƙarfe da kurom kuma silif da ring ne ke cinyewa suna shiga cikin mai. Da aka bi layin iska daga filta zuwa turbo sai ga tsaga a ƙasan wani hos ɗin roba mai lanƙwasa, ta wajen da ido ba ya kaiwa sai ka sa hannu, kuma tana buɗewa ne in inji ya girgiza da lodi. Cikin bututun duk garin ƙura, bakin fuka-fukan turbo ya zaizaye. Robar bakin filtar ma ta saki sabida yawan cirewa da busawa.

Da aka koma kan tsofaffin silif ɗin injin farko da ke jibge a gareji, irin cin da ke jikinsu ɗaya ne da na biyun. A bayansu kuma, ta gefen da ruwa ke taɓawa, akwai ƙananan ramuka kamar an caccaka da allura, wannan kuma aikin ruwa zalla ne da babu sinadarin kariya a ciki.

Wata na 10 zuwa na 11: neman mai haɗa inji

Kuɗin dila ya riga ya fi ƙarfinsa yanzu, gwanjo kuma ya ce ya gama da shi. Saura masu haɗawa. Wuri 3 ya je, wannan karon da ƙafarsa kuma tare da tsohon bakaniken nan.

Na farko mai daɗin baki ne, tun kafin ya ji tarihin motar ya fara zancen zai ƙara masa ƙarfin doki, babban turbo, a taɓa birenbos, mota ta riƙa cin hawa kamar ba lodi. Mai motar har ya fara sha'awa. Bakaniken ya tambaya to kulocin fa da giyabos da lagireto, su ma za a canza? Kuma garanti zai rufe fistin in ya narke? Amsar ba ta fito ba. Na biyu ya yanke farashi nan take a tsaye ba tare da ya ga injin ba, da aka tambaye shi kayan wane kamfani zai sa sai ya ce masu kyau.

Na uku ya ƙi faɗin farashi. Ya ce a kawo injinan biyu duka, zai kwance ya wanke ya auna, a biya shi ladan awo, in an ga takardar awon aka fasa aiki a kwashe kaya a tafi. Shagonsa ba wani ƙato ba ne, amma ɗakin da ake ɗaure inji daban yake da inda ake wanki da gurza, akwai maikuromita da gejin auna rami da littafin ma'aunin injin, kuma ya ba da lambar mutum 2 da ya yi wa irin wannan injin sama da shekara da ta wuce aka kira su aka ji ta bakinsu. Mai motar ya ɗan ji haushin biyan kuɗin awo, a ganinsa ai kuɗi ne kan abin da ba gyara ba, amma ya biya.

Bayan kwana 6 takarda ta fito. Bulok ɗin injin farko lafiyarsa ƙalau, ba tsaga, sai mazaunin silif 2 da suka ɗan zauna ƙasa, za a gyara su a sa shim, wato siririn zoben ciko, domin duk silif 6 su leƙo sama da bulok daidai gwargwadon da littafi ya ce, sabida in ɗaya ya yi ƙasa gaskit ɗin top ba zai matsu ba, sai ruwa da wuta su haɗu. Karanshaf ɗin farko cin ya yi zurfi, ko an gurje shi zuwa 0.25 ko 0.50 na milimita ba zai fita ba, an yar da shi. Na injin gwanjo na biyu kuwa yana cikin ma'auni, gogewa kawai yake so. Kwanrod ɗin da metal ya juya a kai an cire shi daga lissafi. Top 12 da ke hannu an gwada su da matsin ruwa aka zaɓi 6 mafi kyau. Famfunan mai an kai su bencin gwaji, 2 sun faɗi.

To a nan ne kalmar haɗawa ta yi ma'ana, dan ba wani injin tsere aka ƙera ba, inji ɗaya aka fitar daga biyu a kan bulok ɗin asali wanda lambarsa ke jikin takardun mota kuma ya dace da birenbos ɗinta, da ƙarfin dokinsa na asali.

Yarjejeniyar

An rubuta komai a takarda 2, kowa ya riƙe ɗaya. Jerin sababbin kaya da sunan kamfanin da ya yi kowanne da lambarsa: fistin da silif da ring da metal na Mahle ko Kolbenschmidt, nozul na Bosch, sabon famfon baƙin mai, sabuwar kular mai, wato abin da ke sanyaya baƙin mai. Batun kular mai ɗin an ɗan yi gardama, mai motar ya ce a wanke tsohuwar mana, mai haɗawa ya ce inda metal ya taɓa narkewa ɓurɓushinsa na maƙalewa a lungunan kular da wanki ba ya kaiwa, ranar da ya saki kai tsaye sabon metal zai nufa, shi ba zai ba da garanti a kanta ba. An sa sabuwa. Kwalayen kayan da tsofaffin da aka cire duk za a miƙa wa mai mota.

Biya kashi 3 ne, na sayen kaya, na bayan ɗaurewa, da na ƙarshe bayan an gwada inji a gabansa. Garanti wata 6 ko kilomita 50,000, duk wanda ya riga, kuma daga ranar da mota ta tashi ake ƙirgawa. An rubuta ƙarara cewa in laifin haɗi ne, kaya da ladan aiki har da saukewa da mayarwa na mai haɗawa ne, kuɗin janwe da asarar lodi kuma na mai mota. Shi ma mai haɗawa ya kafa nasa sharuɗɗan: sabon turbo ko wanda aka sabunta, sababbin hos da kilif daga filta har inji, sabuwar filta, a wanke intakula a gwada ta da iska, a wanke lagireto, a daina ruwa zalla a koma kulan, wato ruwan lagireto mai sinadarin kariya, sannan a kawo masa sakamakon gwajin mai sau 2 a cikin lokacin garantin.

Jimillar kuɗin, har da waɗannan kayan na gefe, ta fi ta gwanjo ɗaya nesa, amma ba ta kai ta dila ba.

Wata na 12: gwaji da ɗaurawa

Aikin ya ci mako 5, mako 1 daga ciki jiran nozul ne. Shagon ba shi da daino, wato na'urar da ke ɗora wa inji nauyi a auna ƙarfinsa, kuma mai haɗawa bai ɓoye hakan ba. Abin da aka yi shi ne an tura mai cikin layuka kafin tashin farko, an tayar da shi a kan mazaunin gwaji haɗe da lagireto har ya kai zafin aiki, an jona gejin mai na hannu ba na dashbod ba an rubuta abin da ya nuna a sanyi da a zafi, an duba yoyo, an yanka filtar mai an duba.

Bayan an ɗaura an hana direba barin mota tana aiki a tsaye na awanni kamar yadda ya saba, domin sabon ring sai da lodi yake zama a jikin silif, in aka bar shi yana silo sai silif ya yi santsi ya fara shan mai tun yana sabo. Lodi matsakaici a tafiyoyin farko, ba a dannawa har ƙarshe kuma ba a barin inji ya yi ta nishi a babban giya. An canza mai da filta da wuri.

A mako na 3 mai ya fara ɗiga ta tsakanin inji da giyabos. Sil ɗin bayan karanshaf, wato robar da ke tare mai, shi ne bai zauna daidai ba. Sil ɗin kansa ba wani kuɗi ba ne, amma kafin a kai gare shi sai an sauke giyabos da kuloci da fulawil, aikin kwana 2. Mai haɗawa ya turo yaransa suka yi, mai mota bai biya komai ba sai kwana 2 da ya rasa na aiki.

Bayan shekara 1 da ɗaurawa

Motar ta yi kilomita wajen 90,000. Ƙarin mai tsakanin sabis da sabis bai taka kara ya karya ba, gwajin mai na farko ya nuna ƙarfe ya ɗan hau kamar yadda sabon haɗi ke yi, na biyu ya sauka, silikon kuma ya tsaya ƙasa. Ragowar injin gwanjon an sayar da shi gida-gida an rage asara. Bashin watannin da mota ta yi a tsaye har lokacin bai gama biya ba.

Me ya faɗi, me ya yi aiki, kuma me ya sa

Gwanjo na farko cinikin biri a sama ne, sunan inji aka saya ba lambarsa ba, kuma bidiyon inji na ruri ba lodi ba ya nuna komai face cewa yana tashi. Na biyu kuwa ni ban ɗora wa mai kayan laifin lalacewar injin ba, mai yiwuwa ma injin kirki ne, karanshaf ɗinsa ai shi ke cikin motar yanzu. Tsagaggen hos ɗin nan ne ya cinye shi, kuma da injin dila aka ɗaura a wata na 4 a kan wannan hos ɗin shi ma haka zai ƙare, garantin ma ba zai biya ba tunda ƙura ba laifin masana'anta ba ce. Sai dai garejin dila da wuya su ɗaura inji ba su bi layin iska ba, wannan na cikin abin da tsadarsu ke saya.

A ganina injin musaya shi ne zaɓin da ya fi dacewa da shi tun farko in da bai bari an wargaza tsohon ba kafin ya tambayi sharuɗɗa, domin mai mota ɗaya tsayuwar mota ce ke kashe shi fiye da farashin inji, kuma abin da ya kashe a gwanjo 2 da watannin zaman banza ya haura tazarar da ya guje wa. Gwanjo kuma yana da wurinsa, ga motar da ta kusa ritaya ko ga wanda zai je da bakanikensa a auna kwamfureshan a sauke kasko kafin ya biya.

Mai haɗawa na ukun ba wai ya fi kowa hannu ba ne, ga shi har sil ya kuskure. Abin da ya raba shi da sauran shi ne ya auna kafin ya yi farashi, ya rubuta wa zai biya in abu ya lalace, kuma da yake garantin daga aljihunsa zai fita sai ya tilasta a gyara hos da intakula da lagireto waɗanda ba a shagonsa ake sayar da su ba. Rashin daino gibi ne na gaske, ƙarfin injin ba a taɓa auna shi da lamba ba, da jin direba a kan hawa kawai aka dogara, kuma garantin wata 6 daga ƙaramin shago yana nan ne muddin shagon na nan.